Jan rubutun da ya sa na kwance kwamfuta uku

Har gobe ba zan manta da Talatar da Malama Rifkatu ta same ni na kwance kwamfuta ta uku ba. Shekara goma sha ɗaya ina gyara a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Tudun Wada, ban wuce mataimaki ba, domin a aji uku na sakandare na tsaya. Waɗanda na koya wa riƙe sukudireba su ke sa mini hannu a takardar hutu. Sai sabon darakta ya ce duk ma'aikacin da bai ci jarrabawar rubuta manhaja ba kafin ƙarshen zango, ya nemi wani wurin. Dole na shiga ajin koyon rubuta manhaja.

Ga wanda bai sani ba, in ka rubuta umarni, akwai manhajar da ake kira kwamfaila, ita ke dubawa kafin kwamfuta ta yi aiki da shi. In ta ga kuskure sai ta zubo jan rubutu, da Turancin da ko masu digiri sai sun yi tsaki. Ni kuwa a sana'ata, ja na nufin wani abu ya lalace. Shi ya sa na yi ta canza kayan cikin kwamfuta.

Malama Rifkatu, mai koyar da ajinmu, ba ta yi dariya ba. Ta karanta jan rubutun, ta ce injin lafiyarsa ƙalau. Ashe a aikin ajin da aka ba mu, shekarun ɗalibi na shigar a matsayin rubutu, sannan na ce a tara su da lamba. Na ce to me ya hana shi faɗin haka?

"Gaskiyarka, Malam Ɗanjuma," in ji ta. "Laifin saƙon ne."

Ta ba ni littafi, ta ce duk saƙon da ya ɗaure mini kai in kwafe shi. Ita kuma tana sake rubuta su cikin wata 'yar manhaja da ta haɗa, su fito da Hausa: a layi kaza ka ba da rubutu inda ake jiran lamba, gwada kaza. In ban gane ba, ta goge ta sake. Wani saƙon sau biyar na mayar mata, har ta ce na fi darakta wuyar sha'ani.

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Ba a ƙara mini girma ba, amma ina nan, kuma sababbin ɗalibai da waɗannan saƙonnin suke koyo.

Abin da na gane shi ne yawancin masu ilimin wannan sana'a junansu suke rubuta wa. Kaɗan ne za su zauna da irina su tambaye shi inda ya tsaya. Allah ya saka wa Malama Rifkatu da alheri.