Lungun bayan gidan Gwaggo

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kuɗin fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, na ajiye motata a ƙofar gida na lulluɓe ta da tamfol. Ni mutum ne mai son tsari, don haka sai da na gwada komai bi da bi. Na fara da napep, na ga jiran fasinja yana cin lokacina. Na koma acaɓa, bayana ya ƙi. Sai ƙafa ta rage.

Wata Asabar da rana tsaka na ɗaura agogo, na taka daga gidana a Ƙofar Kwaya zuwa ofishinmu da ke wajen Ƙofar Durbi, ta cikin gari. Minti arba'in. Har na rubuta a takarda. Abin da na manta shi ne, da rana tsaka kowa yana cikin gida.

Ranar Litinin da safe na gane kuskurena. Mai mota hannu yake ɗagawa ya danna hon, gaisuwa ta ƙare. Mai ƙafa kuwa dole ya tsaya ya rusuna, a tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi aiki, a sake komawa kan iyali. A cikin garin nan aka haife ni, kusan kowane zaure da abokin mahaifina a zaune. Ga kuma gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ba a gaishe ta a tsaye. Sai ka zauna ka sha koko.

A ofishinmu ƙarfe takwas ake jan layi da jan biro a littafin zuwa aiki, kuma ni ne mai jan layin. Kwana uku a jere na sa hannu a ƙarƙashinsa. Ogana ya ce, "Malam, ko dai mu ba wani biron?"

Sai na nemo wani lungu da ya bi ta bayan gidan Gwaggo, babu zaure ko ɗaya. Na koma isa da wuri, na ɗauka na yi dabara. Ban lura ba cewa damina ta ci kan katangarta, kuma daidai nan take ba awakinta dusa kullum da safe.

Bayan mako biyu ta aiko wa matata cewa tana nemana. Na je ranar Juma'a bayan masallaci, na jera hujjojina a kai, ɗaya zuwa uku. Gwaggo ba ta faɗin sunana, don sunan mahaifinta gare ni.

"Mai-sunan-Baba," ta ce, "kullum ina ganin hularka tana wucewa bisa katanga kamar ta ɓarawon kaji."

"Gwaggo, da farko dai, aiki ne..."

"Yi mani shiru da farkonka. Ina motar?"

"Tana gida."

"Kada ka yi mani ƙarya, ni na yaye ka. An saida ta ko? Ko aikin ne aka kore ka kake jin kunyar in sani?"

A nan na ɗago kai. Na dube ta da kyau, na ga ta rame. Ni na zo tarar faɗa, ashe ita kwana da kwanaki abinci ba ya shigarta. Ta nuna wata jar akuya, wadda ta fi so cikin awakinta.

"Kwance ta ka kai kasuwa. In mai ne ka zuba, in wata matsala ce ka toshe. Ɗan yayana ba ya bin bayan gidaje kamar marar dangi."

Hujjojina uku suka tsere. Na yi bayani, na rantse, ba ta yarda ba. Washegari na yaye tamfol, na tayar da motar da ɗan man da ya rage, na kai ta har ƙofar gidanta. Ta fito tana dogara sanda, ta zagaya ta, ta dafa ta da hannu. Sannan ta harare ni.

"To, maida ta. Kana ta ƙona mai a banza."

Daga ranar na gyara tsarina. Shida da rabi nake fita, ta hanyar gaba, kowane dattijo da rabonsa, Gwaggo da kokonta.

Ni a lokacin minti kawai nake tattali. Ban san cewa idan ka ɓace wa mai ƙaunarka ba tare da bayani ba, shi zai nemo bayanin da kansa, kuma mafi muni zai nemo. Har yau in na tuna wata tsohuwa tana kallon hulata tana wucewa, tana tunanin wace akuya za ta rabu da ita, kunya nake ji.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Matata ta ce har yanzu, in ta je gaishe ta, takan jawo ta gefe ta rage murya ta ce, "Tsakaninki da Allah, motar nan tana nan dai ko?"