Kwanon da Na Mayar

Kakata ta iya tatsuniya. Wannan kam ba zan ƙwace mata ba, ko da yake akwai guda ɗaya da har yau ban yafe mata ba, ga shi ta fi shekara ashirin a ƙasa.

Habboba muke ce mata, yadda yaran Larabawan unguwarmu a Umdurman, ƙetaren kogi daga Khartum, suke kiran kakanninsu mata. Amma bakinta Hausa ce zalla, irin ta mutanen da suka taso da ƙafa daga yamma za su Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya tsintar auduga a Jazira har suka tsufa a can. Da an sallame magariba sai ta jawo murhun gawayi tsakar gida, ta zauna a bakin gadonta na igiya, ta ɗora tukunyar madara. Mu jikoki bakwai mu kewaye ta, ƙafafunmu duk ƙasa, hayaƙi yana shiga mana ido ba mai matsawa. Ba ta farawa sai ta ƙwanƙwasa ludayi a gefen murhu sau uku.

"Ga wata nan ta iso, ta gaji da tafiya. Wa zai ba ta tabarma?"

"Ta zauna mu ji ta!"

Tana da na kura, tana da na zomo, tana da na wani maƙeri da ya ƙera wa iska takalmi. Waɗannan ina son su har gobe. Amma akwai tatsuniyar Talatu da Kande, wadda ba ta fito da ita sai ranar da wani ya rage abinci a kwano. Wanin nan kuwa kusan kullum ni ce, don na taso siririya, ci bai dame ni ba.

Wai 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, suna tafiya gabas. Suka yi kwana da kwanaki har suka iso bakin wani babban kogi, suka tarar da bukkar wata tsohuwa. Tsohuwa ta dama musu kunu mai kauri, ta kwarara zuma a kai. Kande, ƙanwar, ta shanye nata, ta lashe kwano, ta lashe yatsu. Talatu kuwa ta yi ludayi uku ta ture, ta ce ta ƙoshi. Ashe tsohuwar ita ce mai kogin. Da gari ya waye suka shiga ruwa za su haye. Kande ta yi nauyi, ruwa ya ture ta ya ture ta, ya kasa ɗaga ta. Talatu kuwa ruwa ya ɗauke ta kamar karan dawa, ko mayafinta ba a gani ba.

A nan Habboba take rage murya, ta leƙo ni ta saman tukunya.

"Me ya cinye Talatu, Hajara?"

"Ruwa, Habboba."

"Ba ruwa ba ne, 'yar nan. Na-ƙoshi ce ta cinye ta. To ta ƙare, wuta ma ta kwanta, kowa ya lashe kwanonsa."

Sauran yara su yi dariya, ni kuwa in kwana ina mafarkin kogin Nilu ya shigo tsakar gida yana nemana. Da safe kwanona yana jirana: madidar hulba, wato kunun fulawa da madara mai kauri, an zuba sukari, an narka man shanu, an marmasa tahniya, alawar riɗin nan, a kai har ba a ganin kunun. A gefe ga zalabiya, irin fanken can, mai zafi an birkiɗa ta cikin sukari. Habboba ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu har sai ta ga gindin kwano. A gidanmu ba a mayar wa babba kwano da saura. Wanda ya yi haka ya zagi hannun da ya dafa, kuma za a yi mako ana tuna masa.

To, na koyi darasi, na ma fi malamar iyawa. Ina shekara goma sha biyar mata suna mintsinar kumatuna suna cewa yanzu na zama mutum. Ina talatin na daina iya hawa matakalar ofishinmu a Khartum ba tare da na tsaya sau biyu ba. Ina arba'in ciwon sukari ya kama ni, gwiwoyina suka ƙi, na koma sallah a kan kujera, yaran mota suna gunaguni in na tare wurin mutum biyu. Duk wannan ban taɓa iya barin loma a faranti ba. Ko cikina zai fashe, sai in ji kamar wata tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu.

Daga ƙarshe na yarda aka yi mini tiyata a wani asibiti a Khartum, aka yanke mafi yawan tumbina. Likitar ta ɗaga ƙaramin kofin shayi ta ce ga girman abin da ya rage mini. Karin kumallona ya koma rabin dafaffen ƙwai, ko cokali uku na ful, dafaffen wake, da aka murje ba mai, ko zabadi, nonon kanti mara zaƙi. In raina ya biya zaƙi, in barbaɗa kirfa ko in murje ɗan guntun ayaba a kai. Sukari kuwa ta ce ko da wasa kada, domin yanzu zai wuce cikin hanji kai tsaye ya kayar da ni.

Sai ga Goggo Zainabu, ƙanwar babana, wadda ta gaji Habboba a murya da tukunya da taurin kai. Mako na biyar da aikin ta hau mota biyu daga unguwarsu ta Bahri, ta haye gada, ta iso ƙofata da kula a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa kamar ta zo ta'aziyya.

"Haram alaiki, Hajara, ba ki kyauta ba. Mutane suna zuwa asibiti a ƙara musu, ke kin je an rage ki. Zauna."

Ta buɗe kula. Madida ce, zuma tana kwance a kai, tahniya ta yi tudu.

"Goggo, likita ta hana ni sukari."

"Na ji ai. Wallahi ko ƙwaya ɗaya ban sa ba. Zuma ce, magani. Tahniya kuma riɗi ne, tun yaushe riɗi ya zama sukari?"

Na san ba haka ba ne. Ina da digiri, na karanta takardar likita har na haddace. Amma Goggo ta tsaya da hannu a ƙugu, ni kuwa na ɗauki cokali kamar 'yar shekara bakwai. Ban kai cokali na shida ba gumi ya karyo mini, zuciyata ta dinga bugu kamar za ta fito, ɗakin ya juya. A ƙofar banɗaki na faɗi. Da na farfaɗo na ji ta tana gaya wa maigidana cewa yunwa ce ta yi mini yawa, kuma akwai bakin mutane a ciki.

Washegari ta dawo da kular. Na ji haushin da ban taɓa ji ba, na ce mata ta yi haƙuri ba zan sha ba. Ta zauna a hankali, ta gyara mayafi.

"Ke kin san wace ce Talatu?"

"Ta tatsuniya?"

"Tatsuniyar wa? Yayar Habbobarki ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A hanyar zuwa ƙasar nan ta mutu, kafin su kai kogi. Kwano ɗaya ake ba su su biyu. Kullum sai ta yi loma uku ta ce ta ƙoshi, ta tura wa ƙanwarta. Ba ruwan da ya ɗauke ta, ya bitti, 'yata, kwanciya ta yi ba ta tashi ba. Shi ya sa uwata ba ta iya jin kalmar nan a bakin yaro. Yanzu sha, kalas, magana ta ƙare."

Ta faɗa mini ne don in ji kunya in sha. Na ji tausayin yarinyar da ta lashe kwano ba ta san na yayarta take lashewa ba, har hawaye suka zubo mini. Amma haushina bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ashe Talatu ranta ta bayar, Habboba kuma ta kasa ɗaukar nauyin kyautar, sai ta mai da ita mai laifi a tatsuniya, ta yi shekara da shekaru tana dukanmu da sunanta a gaban murhu. Ni ce na biya, da gwiwoyina da tumbina.

Na rufe kular, na tura ta gaban Goggo.

"Goggo, na ƙoshi."

Ban taɓa faɗa wa babba wannan kalmar ba tun ina yarinya. Ta kalle ni kamar na mare ta, ta ɗauki kularta cike ta fita ba sallama. Yau wata takwas ba ta tako gidana ba, dangi kuma suna cewa tiyata ta yanke mini kunya tare da tumbi. Su faɗa. Na koma sujada da goshina a ƙasa, kuma kullum ina haye gadar Nilu zuwa aiki, ruwa bai ce mini komai ba.

Da safe nakan zauna da ɗan kofina na zabadi da kirfa, in yi cokali uku in ajiye. Kusan kullum sai na tuna Talatu, wadda ta yi ta faɗar kalmar nan da cikinta wayam don wata ta rayu. Ni da gaske nake faɗa, kuma don kaina.