Ranar da Na Raka Surukata Sayen Waya

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na London waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da na fita sayen waya da surukata, mu biyu kaɗai, ko tsufa ya cim mini ba na jin za ta fita daga raina.

A lokacin muna zaune a Deptford, ni da maiɗakina, a wani ƙaramin flat da ke hawan ƙasa na wani tsohon gini mai kaurin bango. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Allah ya ba mu haihuwar fari, 'ya mace, sai dai haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi wa matata aiki. Shi ya sa mahaifiyarta ta taso tun daga garinsu, can wajen Funtuwa, ta zo mana zaman jego. In ka cire aikin Hajji, ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Wanda ya san kunyar suruki a wajenmu zai gane halin da muka shiga. A gida akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da hanyar da zai bi ya kauce wa wani. A flat kuwa lungu ɗaya ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya manne da bango. In na shigo falo sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. In na ji motsinta a kicin sai in fasa shan ruwan. Da safe in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen. Ba ta taɓa kiran sunana ba, in ta kama dole sai ta ce "baban yarinya".

Ta ɓangaren gida kuwa, a ganina na gama kyautawa. Ƙaramar wayar da ta zo da ita ta daina aiki tun da ta sauka, don haka kullum in na dawo aiki sai in kira ƙanin matata ta bidiyo, shi kuma ya ɗauki wayarsa ya fita tsakar gida. Nan take jikoki su yi caa a kai, maƙwabta su leƙo, kowa yana son a nuna masa jaririya. Can sai a miƙa wa surukina, tsohon malamin makaranta ne da ya koma noma. Zai gyara hula ya ce, "Kuna lafiya? Yaya mai jego? To madalla." Ita kuma Mama, surukar tawa, ta ce, "Lafiya lau, a gaida kowa." Shi ke nan. Ni ina riƙe da waya a nan, ɗansu yana riƙe da waya a can.

Ba a jima ba Mama ta fara canzawa. Abinci sai ta tsakura ta ture. In ta gama gasa jaririya ta yi wa 'yarta abin da ya kamata, sai ta tsaya jikin taga tana kallon motoci. Wata safiya na iske matata tana kuka, ta ce Mama ta ce a matso mata da ranar tafiya, wai sanyi ya hana ta sakat. Alhali lokacin ma ana cikin 'yan watannin nan ne da Turawa ke kwanciya a ciyawa suna shan hantsi. Hankalina ya tashi sosai, don matata ko sunkuyawa ba ta iya yi, hutuna ya ƙare, kuma ba mu da kowa a kusa.

Matata ce ta kawo shawarar a saya mata waya tata ta kanta. Ni sai na ɗauka kaɗaici ne, tana bukatar abin da za ta riƙa kallon wa'azi da shirye-shiryen gida. Na duƙufa bincike, wace ce ta fi kyamara, wace ce ta fi faɗin fuska, wane kamfani ne ya fi ba da data. Na ce zan yi order a kawo har gida. Matata ta girgiza kai.

"In ba da ita aka saya ba, a akwati za ta ajiye ta ce tsaraba ce. Ku tafi tare."

"Ni da Mama? Mu biyu?"

"To ni zan raka ta da wannan ɗinkin?"

Haka muka fita ranar Asabar da hantsi. A cikin bas ta zauna a gaba, ni na tsaya can baya ina riƙe da ƙarfe duk da ga kujeru nan babu kowa. Muka sauka Lewisham kasuwa ta cika, masu kayan miya suna ta kiran ciniki. Tana gaba ina baya, in za mu karya kwana sai in yi gyaran murya in ce, "Mama, ta dama."

Babban kanti na fara kai ta, irin mai gilashi da fitilu, don ina son ta san 'yarta ba ta faɗa hannun banza ba. Wani saurayi ya ɗauko sabuwar fitowa yana ta zuba bayani da Turanci. Ya ce contract ne, za a rubuta da sunana, a riƙa cira duk wata har shekara biyu. Mama ta tambayi abin da ya ce, na fassara mata. Ba ni ta kalla ba, bango ta faɗa wa:

"Mai tafiya gobe ko jibi, a ɗaura wa wani nauyin shekara biyu saboda ita? A'a."

Ta juya ta nufi ƙofa. Na ba saurayin haƙuri na bi bayanta.

Muna cikin tafiya na hango wani ƙaramin shago da aka manna wa takardar ragi a gilashi. Da a ce ni kaɗai ne da ban shiga ba, amma ba ni da wata dabara. Ina cikin ce mata, "Mama, bari mu duba nan," sai matar da ke bayan kanta ta ɗago kai ta ce da Hausa tangaran, "A'a, sannunku da zuwa! Mama, ina kwana?"

Mama ta yi turus. Matar 'yar Jos ce, da ɗan gicciye a wuyanta, ta ce ta daɗe a London har 'ya'yanta sun girma, in ta yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ta jawo wa Mama kujera. Kafin ka ce me, sun shiga hirar dankalin Jos da tsadar attaruhu a ƙasar nan, da yadda gero ke wuyar samu. Tun zuwan Mama ban ji ta yi magana mai tsawon haka ba.

Daga nan aka zo kan waya. Matar ta ɗauko wata a kwalinta, ba a ko ɓare ledar ba. Ta ce fitowar bara ce, an karya kuɗinta ne kawai don sabuwa ta fito ta ture ta. "Kuma unlocked ce," in ji ta, sannan ta juya wajen Mama. "Wato buɗaɗɗiya ce, ba a ɗaure ta da kowane kamfani ba. Layin da kika ga dama shi za ki sa. Ranar da kika koma gida ki cire na nan ki mayar da naki." Mama ta jujjuya wayar a hannu, ta ce ba ta da nauyi. Ni kuma na duba takardar garanti, na tabbatar za a ba mu rasit, na ga babu abin zargi.

Saura layi. Nan na gyara tsayuwa, don a nan na yi karatuna. Na ce a ba mu wanda ya fi yawan data, saboda bidiyo da kallo. Matar ta ce to, amma sai ta sunkuya wajen Mama.

"Mama, wa za ki fi kira?"

"Mutanen gida."

"Mutanen gidan suna da babbar waya?"

"Yaran suna da ita."

"Manyan fa?"

Mama ta saci kallona, ta mayar da ido kan tabarmar shagon, ta gyara mayafinta da bai goce ba. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Akwai wanda ba ya son mai shafawar nan. Ya ce tasa mai dannawa ta ishe shi."

Wallahi sai na ji kamar an yaye mini wani labule. Surukina ne mai wayar dannawa, duk 'ya'yansa sun yi sun yi ya ƙi canzawa. Mutanen da suka yi zaman aure tun kafin a haife ni, kullum da safe tare suke karyawa, yanzu ba su da halin yin magana sai ta hannun ɗa da suruki, jikoki na tsalle a tsakani. Me za ta ce masa a gabana? Me zai ce mata a gaban ɗansa? Ashe ba sanyin London ba ne.

Matar ba ta nuna ta fahimci komai ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda wannan. Cewa kawai ta yi, "To data ba za ta yi mana ba, mintuna muke so, na kiran lambar Najeriya kai tsaye." Ta fito da sim na kamfani biyu, duka na wata-wata ne, babu ɗauri, duk ran da ka gaji ka daina. Ta ce ɗaya ya fi araha, ɗayan kuma an fi yabon ƙarfinsa a cikin gida, amma ita ba za ta rantse ba, tunda kowane gini da halinsa. Ta ce mu ɗauki biyun da ƙaramin kati, wanda ya ji a ɗakin Mama shi ne namu.

Ta saka na farko ta ce a gwada kafin mu tafi. Na fara laluben lambar a wayata, sai na ji Mama tana karanto ta da ka, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Matar ta danna, kuma ban sani ba ko mantuwa ce, ta bar lasifika a buɗe. Ya yi ƙara, ya yi ƙara, sai ga muryar surukina da kukan tsuntsaye a bayansa.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Ni ce."



"Ke ce? Ke kaɗai, ko da jama'a?"

Ban tsaya jin amsar ba. Abin da ya riske ni a bakin ƙofa shi ne muryarsa yana cewa, "To tsaya, tsaya in nemi inuwa in zauna." Na faɗa kasuwa kamar an koro ni. Na sayi doya, na sayi kuɓewa, na tsaya ina taya wani kifi da ban san sunansa ba, duk ba mu bukata. Da na ga an ɗan jima na leƙo ta gilashi, na hango matar ta koma can ƙarshen kanta tana goge abin da ba shi da ƙura, Mama kuma ta kara waya a kunne, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dariya take. Na koma na ƙara sayo albasa.

A bas ɗin komawa na nufi baya kamar ɗazu, sai na ji ta ce, "Baban yarinya, zauna mana, tsayuwar ta isa." Na zauna a kujerar da ke bayanta da doyata a cinya. Ba ta juyo ba ta ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka." Na ce amin.

A gida aka yi gwajin layi, kuma ita ta yi alƙalancin. Ta shiga ɗakinta da na farko ta turo ƙofa, ba a daɗe ba ta fito ta miƙa wa 'yarta, ta ce yana yankewa, sai ta je jikin taga ake jin ta. Na saka na biyu. Wannan karon shiru, shiru, har jaririya ta farka ta sha ta koma barci. Da ta fito sai ta ce, "Wannan ya fi ji." Ya ɗan fi tsada, amma ban ko sake duba ɗayan ba. Duk binciken da na yi na kwana da kwanaki, ga yadda aka zaɓi kamfani a gidana.

Maganar matso da tafiya ba ta sake tasowa ba, mu ma ba mu tayar ba. Ta zauna har matata ta warware sarai, ta yi mana kunun kanwa, ta koya mini yadda ake riƙe kan jariri a wanka. Da safe bayan ta idar da lazimi sai mu ji ƙofarta ta rufe, sai 'yar murya ƙasa-ƙasa. Wani lokaci faɗa ma take yi, kan wai an bar awaki sun shiga rumbu, ko an ƙi shan magani. Matata takan dube ni ta ce ita tun da take ba ta san iyayenta suna hira haka ba. Kiran bidiyon jama'a kuwa ba mu daina ba, sai dai yanzu har da ita ake raha. Da ta koma gida aka mayar mata da tsohon layinta, wayar ta karɓa ba gardama, kuma da ita ta riƙa kiranmu shekara da shekaru.

Abin da na koya a ranar ya wuce sanin waya da layi. Na so in kyauta, amma da ma'aunin kaina nake awo, na tambayi komai ban tambayi abin da mai abin ke bukata ba. Mutanenmu kuma, musamman manya, ba sa buɗe baki su ce ga abin da ke damunsu, sai su ce sanyi ne, ko abinci ne bai karɓe su ba. Tun daga lokacin, in zan yi wa mutum alheri nakan fara sauraron abin da ya faɗa, in kuma lura da wanda ya kasa faɗa. Na kuma gane cewa wani lokacin babbar hidimar da za ka yi wa iyaye ita ce ka haɗa su, sannan ka tashi ka ba su wuri.