Sunayen da Zai Bar wa Magajinsa

A tashar Gazawa wani saurayi yana zaune bisa buhun gujiya, kwamfuta a cinya, yana ta bugawa yana tsaki. Da ganin takalminsa, ɗan buro ne, ma'aikacin ofis.

Mai shayi ya leƙo. "Malam, lafiya?"

"Ma'ajiyar kamfaninmu ce ta intanet, baba. Sashe ɗaya zaure ne, kowa ya shiga, ɗayan kuwa cikin gida ne. Lambobi kawai aka sa musu. Na ce a ba su suna, aka ce ɓata lokaci. Da aka rikita su, sirrin mutane ya fita, ni aka sallama."

"To, me kake rubutawa?"

"Sunayen sassan: na waje, na ciki." Bai ɗago kai ba. "Don wanda zai gaje ni gobe."