Motar Gwamnati, Isansin Alhaji

Korgom

Ana idar da sallar asuba muka kwantar da Baba a bayan akori-kurar Alhaji Tanko, ɗan kasuwar garinmu. Ƙaba ce ta murɗe masa, kwana biyu ko kunu bai sha ba. Shekarar fari ce, shanun amalankenmu duk sun mutu. Mushe Isufu, malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, ya shiga gaba kusa da Alhaji, ni na zauna a kan buhunan harawa ina riƙe da kan Baba.

Ko fita gari ba mu yi ba Mushe da Alhaji suka soma gardama.

"Magani haƙƙin talaka ne, Alhaji. Gwamnati ya kamata ta biya wa kowa."

"Da kuɗin wa, Mushe? Ku bar kasuwa ta yi aikinta, abin kyauta ba shi da albarka."

A shingen jandarma kuwa duka biyun suka yi tsit, don zamanin soja ne. Jandarman ya leƙo, ya ga harawa da tsoho yana nishi, ya ɗaga mana hannu. Muna wucewa gardama ta dawo sabuwa.

Tasawa

Da hantsi muka isa gidan likita. Majo, babban malamin jinya, ya taɓa cikin Baba ya ce aiki za a yi, sai Maraɗi, kuma yau, a kwance.

"Ga ambilans can, kyauta ce," in ji shi.

Mushe ya dubi Alhaji yana murmushi.

"Amma babu isansi, ko ɗigon mai babu a tankinta," in ji majo. "Wata guda ke nan."

Akori-kurar ma tun a hanya take tafasa, ba za ta kai ba. Alhaji ya waiga dama da hagu, ya ɗaga buhunan da na zauna a kai. Ashe bido biyu, jarkokin isansin Najeriya na fasa-ƙwauri, nake ta ɗumamawa tun asuba! Ya juye su a tankin ambilans. Batir kuma ya ƙi, Mushe ya naɗe wando ya tura mu har ta tashi.

Maraɗi da komawa gida

Kafin magariba an yi aikin. Da aka sallame mu muka iso gida, su biyun suka zo gaisuwa, kowa na cewa maganarsa ce ta tabbata. Suka nemi Baba ya raba su.

"Ni ina kwance, ban ga wanda ya yi nasara ba," in ji shi. "Amma in ƙabar ta sake tashi, ku taho tare."

Na gode wa Allah, na gode musu. Baba ya shanye kwanon furarsa tas.