Ranar da Bulama Ya Wasa Addata

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka koya mini Turanci da adda ba. Ni daga aji biyu na sakandare aka dawo da ni gona, kuma har yau ina jin haushin 'yan boko, su a inuwa, mu a taɓo.

A shekarar, ciyawar kacala ta toshe mana hanyar ruwa a fadamarmu ta wajen Kirikasamma, ɗan abin da ke gangarowa bai isar gona biyu. Maƙwabcina tsohon malamin firamare ne, siriri mai tabarau. Shinkafata ta fara yaushi, tasa ma haka. Sai na ɓullo da dabara. Kullum da safe in zauna a bakin magudanar ina wasa addata, ina kallonsa. Uffan ban taɓa ce masa ba. Ya zo, ya gan ni, ya juya. Kwana shida gonata kaɗai ke shan ruwa.

A na bakwai aka kira ni gaban Bulama, mai garinmu. Malam ya ce ina yi masa abin da Bature ke kira "intimidate". Na ce ranka ya daɗe, a tambaye shi, na zage shi ko na taɓa shi? Malam ya gyara tabarau ya ce ai ma'anar ke nan, ka sa wa mutum tsoro har ya bar maka haƙƙinsa, kamar yadda direban tirela ke yi wa ɗan acaɓa a titi. Na ce to Baturen ya zo ya ba da shaida.

Sai Bulama ya sa aka miƙo masa addar da dutse, ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa. Ya shiga wasawa a hankali, idonsa cikin nawa, yana gwada kaifin da babban yatsa. Wallahi gumi har cikin wandona.

"Na zage ka?" in ji shi.

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ina za ka kake ja da baya?"

Wuri ya kaure da dariya, har da Malam. Aka yanke ruwan kwana shida a jere nasa ne shi kaɗai. Shinkafarsa ta farfaɗo, tawa ta ba ni rabin abin da na sa rai, kuma ban da bakin ƙorafi.

Tun ranar na gane tsoratar da mutum zalunci ne ko bakinka a rufe yake, kuma mu masu yinsa mun fi kowa saurin tsorata.