Yanar Da Kaka Ta Hana Sharewa

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, a farkon daminar da na shiga aji huɗu, Gwaggo Rabi ta tsallako iyaka daga Maraɗi ta sauka gidanmu na Magama. Ƙanwar babana ce da suka haɗa uba kawai, mace mai tsabta har ta yi yawa, kuma ta yi alkawarin tafiya da ni hutu. Na wanke ƙafa, na sha kitso, har ɗan ƙunshin kayana na ɗaure. Tana zama a rumfa ta ɗaga kai, sai ga yanar gizo-gizo ta yi dabaibayi a jikin azara. Ta tambayi mai sharar gidan, aka nuna ni. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shara kam aikina ce, amma Kaka, mahaifiyar babana, ta kafa doka: daga ruwan fari har gero ya yi kai, tsintsiya ba ta taɓa yana. Dalilinta wani tsuntsu ne da ke zuwa mana tare da damina, mu yara muna ce masa Mai-jela. Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, idonsa zagaye da shuɗi, jikinsa ja kamar ƙunshin lalle, namijin kuma na jan wutsiya doguwa. Yakan zauna a reshen darbejiyar garken awaki, ya zabura ya cafke ƙuda a iska, ya koma reshen da ya baro. Da yanar nan suke ɗaure sheƙarsu, wadda ba ta fi bakin ludayi ba. Miji da mata ke karɓa-karɓar kwanci, in namijin ya hau sai jelar ta zubo waje, mu yi ta dariya. Kaka takan ce, "Mai rage maki ƙuda, ba ki hana shi zare."

To ina zan iya faɗa wa Gwaggo haka a gaban mutane, Kaka kuma ta tafi kasuwa? Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Ni ban kai ƙazama gidana, a yi mani dariya Maraɗi." Ƙannena suka kwashe da dariya, Inna ta sunkuyar da kai don kunyar dangin miji. Da la'asar Gwaggo ta hau mota da ƙanwata Hajara. Na ɓuya bayan rumbu ina kuka, ina tsine wa tsuntsun da bai san ina yi ba. Da Kaka ta dawo ta ji labari, ba ta ba ni haƙuri ba, hannuna kawai ta ja ta nuna mani bakunan 'ya'yan Mai-jela uku a buɗe cikin sheƙar. Sunan Ƙazama kuwa ya bi ni har makaranta, kuma har yau in aka ambace shi sai na ji fuskata ta yi zafi.

Yanzu an sare darbejiyar an yi shago, Kaka ta rasu, ɗakina a Katsina fes yake, fesa maganin ƙwari nake yi. Bara da damina na ga yana a kusurwar baranda, na ɗaga tsintsiya, sai na sauke. Na bar ta har kaka, ba wanda ya zo ɗauka.